Ƙulli Uku na Koren Zare

A layin da ke bayan tashar mota akwai wani gida mai ƙofa biyu. Ta dama ta shiga cikin gida ce, ta hagu kuwa ɗaki ne da ya buɗe kan titi, kuma tun daga bakinsa mutum zai fara tsallake fankoki. Ga na tsaye, ga na silin, wasu ba kai, wasu ba ƙafa, duk suna jiran a zo kansu. Can ƙurya, inda hasken taga yake sauka, nan matar take zama a gaban wani tsohon keken ɗinki da ya shekara ashirin bai ɗinka ko ɗankwali ba. 'Yan layin suna ce mata Anti Mai Koyil. Ta ba hamsin baya, gajeriya ce, da tabarau biyu, ɗaya a ido ɗaya a goshi, kuma ba ta da yawan magana sai an taɓa aikinta.

Sana'ar gado ce. Mahaifinta naɗin koyil yake yi: in fanka ko injin ruwa ya ƙone, a warware ƙonanniyar wayar jan ƙarfen da ke ciki a naɗa sabuwa. Bai yi niyyar koya wa 'ya mace ba, idonsa ne ya yi rauni da wuri, ɗansa namiji kuma yana goye a lokacin. Haka ta karɓi teburin tana shekara goma sha bakwai, ta karɓi wata ɗabi'a tasa tare da shi. Duk koyil ɗin da tsohon ya naɗa, kafin ya rufe sai ya ɗaura ɗan zare a ciki, ƙulli uku. Ba don a yabe shi ba, wa zai gani? "In aiki ya dawo a lalace," in ji shi, "kada ki tsaya rantse-rantse cewa wani ne ya yi. Ki buɗe. In kin ga zarenki, ki ce nawa ne, ki gyara." Zarensa baƙi ne. Ita kore ta ɗauka, don shi ne ya rage a keken mahaifiyarta.

Mahaifiyar ta rasu ƙaninta bai iya tafiya ba, saboda haka ita ta yi renonsa, kuma har ya yi gemu Auta take ce masa. Auta ya taso da baki kamar zuma, hannu kuwa babu, ko ƙusa ya buga sai ta lanƙwashe. Da ya girma ya buɗe shagon kayan kiɗa a babban titi, ciniki kuma ya karɓe shi.

Shi ya kawo mata abin da ya canza mata rayuwa, shekara goma sha biyar da suka wuce. Ya zo da wani ɗan abu a aljihu, bai kai tsawon tafin hannu ba, ya ajiye mata a kan tebur.

"Yaya, kin san wannan?"

"In na sani zan tsaya kallonsa?"

Ya yi mata bayani. Jitar lantarki katako ce kawai da tsirkiya, in ba a jona ta ba sai ka kasa kunne kafin ka ji ta. Wannan ɗan abin da ke kwance ƙarƙashin tsirkiyoyin shi yake ɗaukar kaɗawarsu ya miƙa wa lasifika, makaɗa suna ce masa fikof. Na yanzu inji ke yin su, sun cika kasuwa. Amma na da, waɗanda aka naɗa da hannu tun kafin a haifi Auta, su makaɗa suke mutuwar so, sun ce muryarsu daban ce. Wannan ɗin na da ne, sai dai ya mutu.

Ta cire murfin ta duba. 'Yan sandunan maganaɗisu ne a jere, an zagaye su da wayar jan ƙarfe da ta fi gashin kai siranta. Ta yi dariya ta ce ashe ma koyil ne. Kwana huɗu ta yi tana warware shi a kan kwalba, zagaye ɗaya bayan ɗaya, tana ƙirgawa, ta samu dubu tara da 'yan kai. Ta sa aka nemo mata irin wayar, ta cire allurar keken ɗinki, ta ɗaura ɗan katako a jikin wilinsa, ta naɗa nata. Ta yi shi tsaf, layi kan layi, yadda mahaifinta zai gani ya gyaɗa kai. Auta ya kai aka gwada, ya dawo ya ce mata makaɗin da ya ba da gyaran ya ce ba rai a cikinsa.

Abin ya yi mata ciwo ƙwarai. Shekara ashirin da ɗoriya ba wanda ya taɓa raina mata naɗi, sai wani mai kaɗa tsirkiya? Amma da zuciyarta ta huce sai ta tuna abin da ta gani a tsohon. Wayarsa yawo take yi, ta taru a nan, ta tsallaka can, ta dawo a karkace. Lokacin da take warwarewa har tsaki ta riƙa yi, tana cewa wannan aikin ganin dama ne. Ashe a cikin yawon nan muryar take. Dole ta koya wa hannun da ya saba da tsari yadda zai yi yawo, kuma hakan ya fi koyon tsarin wuya. Sai a gwaji na bakwai Auta ya shigo da gudu yana cewa makaɗin ya ƙi sakin jitar.

Tun daga nan fanka ta zama aikin safe, fikof ya zama aikin zuciya. Tana taka keke, waya tana wucewa tsakanin babban yatsanta da manuni, tana jin ƙarfin jan a fatarta, in ta matsa kaɗan ta tsinke, in ta sassauta naɗin ya yi sako-sako. In ta gama ta ɗaura koren zarenta, ta lulluɓe da ƙyalle, ta tsoma a narkakken kakin zuma har kumfa ta daina tashi. Na jita, na bes, wato babbar jitar nan mai kaurin murya, duk ta iya.

Ba a daɗe ba Auta ya zo da wata buƙata. Ya ce makaɗa ba sa son ganin abu yana ƙyalli, sun fi son ya yi kama da wanda ya sha duniya. A jiƙa murfin a ruwan shayi ya yi ja, a goge gefensa da takardar yashi, a ɗiga wa kan maganaɗisun ruwan gishiri ya yi ɗan tsatsa.

"Ado ne kawai, Yaya."

Ta yi masa. Wajen shekara biyu tana yi, kafin wata rana ta ga tsatsa a yatsunta ta ce ita kam ta daina zuba gishiri, ba za ta gyara abu da hannun dama ta lalata da na hagu ba. Shayin da gugar dai ta ci gaba da yi. Gaskiyar magana, ta yi zargin abin da Auta yake faɗa wa masu saye. Mace mai iya ƙirga zagaye dubu tara ba a yi mata wayo da ruwan shayi. Amma ba ta tambaya ba, don tana tsoron amsar, kuma Auta ne. Yakan zo da kwali ya kwashe, ya tafi. A shekarun nan duka ko makaɗi ɗaya bai taɓa tako ƙofarta ba. Wani lokaci in kiɗa ya taso daga rediyon mai shayi, takan dakata da taka keke ta saurari bes ɗin, tana tambayar kanta ko nata ne. Abin yana cin ta, ba ta dai faɗa wa kowa.

Maigidanta direban bas ne, kowa Direba yake ce masa, kuma shi Allah bai yi shi da riƙe magana ba. A wurinsa babu abin da matarsa ba za ta iya tayarwa ba, da za a ba ta jirgin sama ma. Wata rana wasu makaɗa suka ɗauki motarsa haya zuwa wasa a wani gari. A dawowa mai kaɗa musu bes, wani zabgegen mutum da ake kira Dogo, ya zauna a gaba rungume da kayansa. Bes ɗin ya ɗauke ana tsakiyar wasa, fikof ɗinsa ya mutu. Dogo ya riga ya je shagon Auta, inda ya saye shi shekara goma sha biyu baya, Auta ya ce ya bari a duba, shi kuwa ya ce ba ya barin abin nan a hannun kowa.

"Kawo wa matata," in ji Direba. "Kafin ka sha ruwa ta tashe shi."

"Matarka me take yi?"

"Gyaran fanka."

Duk motar aka kwashe da dariya. Amma mutumin da ya rasa mafita ba ya raina shawara, bayan kwana biyu sai ga Dogo da hantsi yana sunkuyawa a ƙofar hagu, yana tsallake fankoki da dogayen ƙafafunsa.

Suka gaisa. Ya kwance fikof ɗin daga jikin bes da kansa, ya miƙa mata da hannu biyu.

"Anti, kafin ki taɓa, bari in gaya miki. Wannan ba irin na kasuwa ba ne. Ya girme ni. Waɗanda suka yi shi duk sun rasu, sun tafi da hannunsu. Duk waƙar da na yi da shi na yi ta. Ni ban ce za ki iya ba, mijinki ne ya dame ni."

"Ai shi damun mutane ne aikinsa," ta ce. "Tuƙi na biyu ne."

Ta jona mitar gwada waya, allurarta ko motsi. Waya ta tsinke a ciki ke nan. Sai ta sauko da tabarau na biyu ta dubi murfin da kyau, ta ga irin jan da ya yi, ta ga inda aka goge gefen. Ta san irin wannan jan. Ta cire murfin, ta sa bakin allura ta ɗaga ƙyallen da kakin ya daskarar, a hankali, Dogo yana tsaye a kanta yana numfashi kamar mai jinya. Ƙyallen ya ɗago. Ga shi nan kwance, ɗan koren zare, ƙulli uku.

Ta ɗora babban yatsanta a kai.

"Ya aka yi, Anti? Ya lalace gaba ɗaya?"

"Ka dawo jibi da hantsi."

Ya buɗe baki zai yi musu, sai ya dubi yadda ta riƙe abin, ya fasa. Ya ce bai taɓa barin sa ya kwana a wani wuri ba, amma ya ga hannunta ya san abin da yake yi. Ya ɗauki bes ɗinsa ya fita.

Ta daɗe zaune yatsanta a kan zaren. Abu biyu suka cika mata ƙirji lokaci guda. Mutumin nan ya tsaya a ɗakinta ya yabi hannunta yabon da ba ta taɓa ji ba, bai san da mai hannun yake magana ba, daɗi ya kusa sa ta kuka. Sannan ga kunya. Ta ɗauko kwalba ta fara warwara. Washegari da azahar ta kai ƙasa, wurin da waya ta kwanta a jikin maganaɗisu, ta ga abin da take tsoro. Tsatsar nan ta ado ba ta tsaya a sama ba. Shekara goma sha biyu tana bin ƙarfen tana gangarawa, har ta kai ga wayar ta cinye ta. Gishirin da ta ɗiga da hannunta shi ya kashe bes ɗin Dogo a gaban jama'a.

Ta aika aka kira Auta. Ya zo da fara'arsa, yana tsokanar Direba a tsakar gida, har ya shigo ya ga abin da ke kan tebur. Fara'ar ta gudu.

"Me ka ce masa lokacin da ka sayar masa?"

"Yaya, kasuwa ce..."

"Ba kasuwa na tambaye ka ba. Me ka ce masa?"

Ya zauna a kan wata matacciyar fanka, ya sunkuyar da kai. Ya ce ya gaya masa na da ne. Ya ce da ya ce yayarsa ce ta yi a bayan tasha, wallahi ko kallonsa ba za su yi ba. Ta tambaye shi mutum nawa ya gaya wa haka, ya ce duk na shekaru biyun farko, da wasu bayan nan.

"Yaya, ki rufa min asiri. Abu ne mai sauƙi. Ki naɗa masa sabo, ki ce kin kwaikwayi na da. Zai ji muryarsa ta dawo, ya zagaya gari yana cewa akwai matar da ta iya aikin mutanen da. Ke kin yi suna, shi ya samu bes ɗinsa, ni na tsira. Wa aka cuta?"

Ba ƙarya, maganar ta shige ta. Auta ya san inda yake mata ƙaiƙayi. Ga suna a sama, ba tare da ta kunyata yaron da ta goya a bayanta ba, ba tare da ta ce wa kowa ita ta zuba gishiri ba. Ta dubi zaren da ta ajiye a cikin murfin kwalba.

"Auta, ka tuna abin da Baba yake cewa a kan zaren nan?"

"Baba fanka yake gyarawa, Yaya."

"Ni ma ita nake gyarawa. Gobe da hantsi zai zo. Ka riga shi zuwa, ka faɗa masa da bakinka, ni in faɗi nawa. In ba ka zo ba, zan faɗi duka."

"Za ki tona min asiri a kan bare?"

"Ni na zuba gishirin, Auta. Ba kai kaɗai za a tona ba."

Ya tashi ya fita ko sallama babu, har ya yi tuntuɓe da fankar da ya zauna a kai.

Da safe ta share ɗakin, ta kankare tsatsar maganaɗisun tas, ta shafe su da fenti mai hana ruwa, ta jera sabuwar waya. Ido ɗaya yana kan aiki, ɗaya yana kan ƙofa. Duk babur ɗin da ya tsaya a layin sai ta ɗaga kai. Auta bai zo ba. Dogo ne ya sunkuyo, da bes a baya da 'yar ƙaramar amfilifaya, akwatin ƙara sauti, a hannu.

Ba ta yi kwana-kwana ba. Ta miƙa masa murfin kwalbar.

"Ka ga zaren nan? A cikin fikof ɗinka na same shi. Nawa ne. Ba mutanen da suka yi shi ba, ni na naɗa shi, a kan keken nan. Jan da ka gani a murfin ruwan shayi ne. Tsatsar kuma ni na sa ta da gishiri, kuma ita ta cinye wayar ta kunyata ka a gaban mutane. Wanda ya sayar maka ƙanena ne. Na yi zargin abin da yake faɗa, na yi shiru. Ka yi haƙuri."

Dogo ya dubi zaren, ya dube ta, ya dubi tarin fankoki. Ya yi wata 'yar dariya marar daɗi.

"Anti, kada ki yi min wasa da hankali."

Ta jawo aljihun tebur ta ɗauko wani fikof da ba a rufe ba, ta nuna masa ƙulli uku. Ta ɗauko koyil ɗin fanka, ta nuna masa. Ta ɗaga kwarkwaron koren zaren ta ajiye a gabansa.

Ya juya ya fita. Ta taga ta hango shi tsaye a bakin titi, hannu a ƙugu, yana kallon ƙasa. Ta san me yake tunawa: duk wuraren da ya tsaya ya yi alfahari, duk ƙananan makaɗan da ya gaya wa cewa 'yan yanzu ba su iya komai ba. Ba ta bi shi ba. Direba ya leƙo daga cikin gida zai yi magana, ta harare shi, ya koma. Wannan kam a rubuta, ba a saba gani ba.

Can sai Dogo ya dawo, fuskarsa a murtuke.

"In ke kika yi, sake yi in gani. A gabana."

Ta ɗaura jikin fikof ɗin a kan keke, ta liƙa bakin wayar da dalma, ta ɗora ƙafa. Keke ya ɗauki ƙara. Ba a taɓa tsaya mata a ka tana naɗi ba, amma kafin zagaye ɗari biyu ta manta da akwai kowa a ɗakin. Waya tana zuwa tana yawo, ta taru a nan, ta tsallaka can. Dogo ya jawo benci ya zauna, ya matso, ya ƙara matsowa, har ta ce masa ya ja baya numfashinsa yana kaɗa mata waya. Fiye da awa guda tana naɗi. Da ta kai adadin ta tsaya, ta yanko zare, ta yi ƙullinta uku, ta lulluɓe, ta tsoma a kaki. Suka zauna jiran ya huce, ta ba shi ruwa ya sha, ya riƙa kallon yatsunta biyu da waya ta sa suka yi kanta.

Bayan azahar ya mayar da fikof ɗin, ya ɗaure tsirkiya, ya jona. Ya taɓa mafi kauri sau ɗaya. Ƙarar ta fito daga ƙasa, mai nauyi, mai ɗumi, sai da ragar fankokin ɗakin ta amsa. Ya rufe ido ya shiga kiɗa. Mai shayi ya rage rediyonsa, masu wucewa suka tsaya a ƙofa, Direba ya fito ya harɗe hannu yana kallon mutane ɗaya bayan ɗaya, kamar shi ya naɗa. Ita kuwa karo na farko ke nan a rayuwarta da ta ji aikinta yana magana a gabanta. Ta cire tabarau na ƙasa ta goge, ta mayar, ta sake cirewa.

Dogo ya ɗora tafinsa a kan tsirkiyoyin, ɗakin ya yi shiru.

"Shi ne," ya ce. "Wallahi shi ne." Ya girgiza kai. "Shekara goma sha biyu ina yi wa matattu godiya, ashe mai aikin tana bayan tasha tana gyaran fanka."

"Fankar ma ba a raina ta," ta ce. "Ita ta ciyar da mu."

"Anti, abu ɗaya nake so. Ki buɗe ki fito min da bakin zaren nan waje, inda za a gani. In an tambaye ni, in samu abin nunawa."

Ta ce ba don a gani ake ɗaura shi ba. Ya ce ya sani, ai ya ga amfaninsa yau, amma bes ɗinsa ne. Ta ƙara masa ɗan zare ta fito da bakinsa ta gefen murfin, bai kai tsawon farce ba.

Daga nan Dogo shagon Auta ya wuce. Abin da suka faɗa wa juna ba wanda ya ji, amma maƙwabta sun ga an rufe shagon da rana tsaka, kuma kafin mako ya zagayo duk mai riƙe jita a garin ya san labarin. Makaɗa suka fara tsallake fankoki suna neman matar mai koren zare. Ta daina jiƙa murfi a shayi, wanda yake son nasa ya tsufa ta ce ya je ya yi ta kaɗawa.

Auta kuwa ya ɗauke mata ƙafa. Wata huɗu bai tako layin ba, in ta aika gaisuwa ba ta dawowa. Direba ya je sau biyu ya dawo yana huci. Sunan da ta daɗe tana marmari ya zo, amma sau da yawa tana cikin taka keke sai ta tuna yadda ta koya wa Auta ɗaura igiyar takalmi, ta rasa ƙirga, ta sake daga farko. Ba ta yi nadama ba. Kewar ƙaninta dai ta yi, sosai.

Wata safiya tana kankare koyil ɗin injin ruwa sai inuwa ta tsaya a ƙofa. Auta ne, ya rame, da baƙar leda a hannu. Bai gaishe ta ba. Ya shigo ya zazzage ledar a kan tebur. Fikof guda biyar, duk da jan murfi, duk da tsatsa a ka.

"Waɗannan ma naki ne," ya ce, yana kallon bango. "Ba su mutu ba tukuna, amma gishirin yana ciki. Na bi masu su gida-gida. Saura tara ban samu ba, ina nema."

"Me ka ce musu?"

"Abin da ya kamata in faɗa wa Dogo." Ya juyo ya dube ta. "Na ce yayata ce ta yi. Suna waje, sun ce sai sun gan ki."

Ta leƙa. Mutum biyar ne a tsaye a rana, kowa da jakar jitarsa, wani da furfura, wata mace ce da bes ya kusa fin ta tsawo. Ta ƙwala wa Direba kira ya zo ya kwashe fankoki daga hanya ya fito da benci. Sannan ta juyo ta dubi Auta daga sama har ƙasa.

"Ka karya kuwa?"

Ya girgiza kai.

"Shiga ciki ka ci abinci. In ka gama ka zo ka riƙe min kwalba, warwarar biyar ba aikin mutum ɗaya ba ne."

Ta sauko da tabarau na biyu, ta ɗauki fikof na farko, ta ce mai shi ya shigo.